Na Je Japan In Ɗauko Auta

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A kasuwa a tare ni, a gidan suna a tare ni, har a layin asibiti wata ta dafa ni tana cewa, "Hajiya Talatu, yaya Japan?" kamar ƙauyen kakarta ne. Bakina ya gaji da maimaici. Tunda Allah ya sa na shiga ajin manya bayan na aurar da 'yan matana, na iya riƙe biro, to ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a bar ni in yi cinikina.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Auta na je ɗaukowa.

Ga wanda bai san shi ba, Auta shi ne Nasiru, ɗana na ƙarshe, dogon nan da ya ƙarar mini da takalma a filin ƙwallon unguwar Yara. Wani dillalin 'yan wasa ne ya kai shi Japan shekarun baya. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ɗana yana buga ƙwallo a ƙasar waje, in gyara ɗaurin kallabi. Rannan sai ga samarin gidan kallon bal na bakin layinmu sun kawo mini waya suna ƙunshe dariya. Hoton Auta ne, da farar hula, da takalmin roba har gwiwa, ya rungumo kwandon kifi. Ɗayansu ya ce, "Mama, wannan lamba nawa yake bugawa?" Suka ƙara da cewa ƙungiyar tasu ma bana kowa ya zo sai ya lallasa ta.

A makon kuma Malam Sule, ƙanin marigayi maigidana, ya zo da maganar shago. Shagon kayan gyaran mota ne da uban Auta ya bari a bakin titin Abuja, Sule ke riƙe da shi tun rasuwar. Ya ce ƙafa ta gaji, ido ya gaji. In Auta zai karɓi abin ubansa, ya dawo kafin shekara ta fita. In ba haka ba, Chinedu maƙwabcin shagon yana so ya haɗe da nasa, kuma ranar da ya fasa bangon tsakani, shago ya tafi ke nan. Na kira Auta, ya yi ta "Mama, bari kakar wasa ta ƙare, Mama, ki gane." Na ce to, zan zo in gane da idona.

Wahalar biza yayarsa Hauwa ce ta sha ta, ita da ke aikin jinya a Abuja. Ni dai an ce in zauna kada in yi murmushi a ɗauki hotona, kuma dama ba murmushin nake ji ba.

Mun bar Keffi da hantsi. Tun daga Masaka cunkoso ya kama mu, a Mararraba muka tsaya cak. Direba ya kashe mota ya sayi rake yana sha. Na ce, "Malam, jirgin sama zan hau, ba ya jiran mai shan rake." Ya ce, "Hajiya, ki faɗa wa na gabana." Na leƙa ta taga na faɗa wa na gaban nasa, da na gaban wancan. Mun dai isa.

A jirgi na zauna kusa da wani Ibo mai zuwa sayo tsofaffin injinan mota. Na faɗa masa sunan ƙungiyar Auta. Ya ce ya daɗe yana zirga-zirga a ƙasar, bai taɓa jin ta ba. "Madam, kin tabbata ƙwallo ce? Ba kamfanin sardin ba?" Na juya masa ƙeya har muka sauka a ƙasar Larabawa muka canza jirgi. Daga nan aka yi ta tafiya, rana ta faɗi ta fito ba a kan ƙa'ida ba, har na rasa wace salla ce a kaina. Ƙafafuna suka kumbura kamar an hura.

Wanda ya fara tarbata a Japan kare ne. Ɗan ƙarami, an sa masa riga. Ya zo ya shinshina jakata ya zauna a gefenta kamar tasa. Na ce a janye mini shi, jakar da sallayata ke ciki! Wani ma'aikaci mai farar safar hannu ya sunkuya mini, ya buɗe jakar, ya shiga fito da kaya: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, da kilishin da na sa aka yi wa Auta musamman. Ya nuna mini hoton nama da jan layi a kai. Karatuna bai kai na harshensu ba, amma jan layi ko'ina jan layi ne. Ya ɗauke kilishin yana sunkuyawa yana ba ni haƙuri. A tasharmu in za a ƙwace maka abu, a ƙwace da tsawa ka san an zalunce ka, ka rama da baki. Wannan kuwa ya bar ni da faɗa a maƙogwaro ba wanda zan juye wa. Daddawar ya shinshina, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina, suka gyaɗa kai kamar sun ga 'yar uwa, suka mayar mini.

Auta na bakin ƙofa. Ya rame, wuya ya ƙara tsawo. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a gaban jama'a, na ce to, da sauran hankali.

Muka hau jirgin ƙasa mai gudu kamar aljani. Muka sauka muka hau wani ƙarami. Muka sauka muka hau wani mai tarago ɗaya tal, da mu da wasu tsofaffi. Tun daga yadda jiragen ke ƙanƙancewa na fara gane girman ƙungiyar da ɗana ke wa wasa. A cikin na farkon ne Hauwa ta kira ta ji ko na sauka lafiya. Na amsa da muryar da Allah ya ba ni. Auta ya kama hannuna yana raɗa, "Mama, ba a waya a nan." Na duba taragon, mutum cike, ba mai tari. Na ce, "Gawa aka ɗauko?"

Garin nasu a bakin teku yake, sunansa har yau bai zauna mini a baki ba. Ɗakin Auta su biyu ne da wani ɗan wasa, don haka ya sauke ni gidan wata tsohuwa mai ba da ɗaki. Shi yana kiranta da wani suna da ya ce ma'anarsa goggo, ni ma sai na sa mata Goggo. 'Yar firit ce, bayanta ya ranƙwafa, amma ta fi ni sauri. A gidanta takalmin shiga daban, na tsakar ɗaki daban, na bayi daban. Na fito da na bayin har wurin cin abinci, ta ƙwalla ƙara kamar ta ga maciji. Shi masai ɗin kuwa maɓallai ne jere a jikinsa. Na danna ɗaya ya kama kiɗa, na danna wani ya watso mini ruwa ba sallama. Na sa Auta ya nemo mini robar da zan mayar buta. Kwana kuma a ƙasa, kan katifa sirit. Mutanen da ke ƙera wa duniya mota, ga su a ƙasa kamar ɗakin kakata.

Da safe Goggo ta kawo mini shinkafa fara ba miya, da ɗanyen kifi an yanka an jera kamar kayan ado, da wani wake mai yauƙi. Ina kai shi hanci na gane dalilin da ya sa mutanen filin jirgi suka gyaɗa kai. Daddawa ce, wallahi, ɗanya, ba a daka ba, ba a sa a miya ba, ita suke karyawa da ita. Na ce wa Auta ya tambaye ta ko itace ne ya yi tsada a garin. Ya ƙi fassarawa. Da rana na karɓi tukunya. Shinkafarsu dai na yaba mata, tana da danƙo, kafin ka tuƙa ta zama tuwo. Na kaɗa miyar kuka, Auta ya ci har yana lumshe ido, Goggo ta ɗanɗana yajin ta sha ruwa kofi bayan kofi tana sunkuyawa tana godiya.

A nan ne ta ba ni tarihin ƙungiyar, Auta na fassara, tana nuna hotunan da ta cika bango da su. Wai asalinta ma'aikatan rumbun kifi ne ke taruwa bayan aiki suna buga ƙwallo a kan tsakuwa. Mijinta marigayi shi ke zuba farar ƙasa ya ja layin fili. Suka cinye ƙungiyoyin garin, suka cinye na gunduma, suka daɗe suna fama a gasar yanki, a kai bakin ƙofa a dawo da su. Shekarar da Auta ya zo ya tsaya musu a baya, suka haye gasar ƙasa. Kada ku ɗauka wadda ake nunawa a talabijin ce. Akwai ita, akwai ta ƙasanta, a ci gaba da gangarawa, can za ku same su. Amma ranar, in ji Goggo, an rufe shaguna, jiragen kamun kifi suka yi ta busa, tsofaffi na kuka a titi.

Na ce, "To sai kuma me ya faru?"

Auta ya sosa ƙeya. "Sai muka tarar da waɗanda suka iya ƙwallo, Mama."

Sun dai lallaɓa sun tsira a farko. Bana kuwa wata babbar ƙungiya ta saye ɗan gabansu mai ci musu ƙwallo, aka canza koci, sabon ya zo da tsarin da ba wanda ya gane, suka shiga shan kaye mako bayan mako. Yanzu suna can gindin tebur, in suka ƙara zamewa sun koma inda suka fito. Kifin da na gani a hoto kuma gaskiya ne. Abin da ƙungiyar ke ba su ba ya riƙe mutum, don haka da safe kowa na da aikinsa, da yamma a yi atisaye. Golansu a gidan kula da tsofaffi yake aiki. Kyaftin tukunyar gas yake rabawa gida gida. Na ce, "Wato ƙungiyar 'yan dako ce mai ƙwallo a gefe." Wannan ma bai fassara ba. Na bar maganar shago sai na ga wasan da idona.

Ranar Lahadi Goggo ta rataya mini wani koren tawul a wuya, ta ba ni lema don ana yayyafi, muka tafi fili. Ɗan fili ne tsaf, ciyawa kamar an share da tsintsiya. A bakin ƙofa wani ƙato ya shiga cikin rigar kifi, da idanu da jela, yana rawa yana ɗaga wa yara hannu. Aka ce shi ne alamar ƙungiya. Mutum da iyalinsa! Muka zauna bayan raga inda masu ganga suke. Tun kafin a busa suka fara waƙa, ba su tsaya ba. A ƙwace wa ɗan wasansu ƙwallo, waƙa. Ya buga ta sama ta fita fili, tafi. Alƙalin wasa ya yi musu hukuncin da ko ni da ban san dokar ba na ga zalunci ne, ba wanda ya ambaci uwarsa. Ni kaɗai na tashi na faɗa masa abin da ya dace da Hausa.

Wasan kuwa, 'yan uwa, na ga yaran unguwar Jigwada suna buga wanda ya fi shi da ƙwallon tsumma. Gudu dai kam suna da shi, kamar an biyo su. Amma a kai bakin raga sai a shiga ladabi, wannan ya ba wancan, wancan ya mayar masa, kowa na jin kunyar ya buga. Kafin hutun rabin lokaci baƙin suka ci ɗaya. Aka dawo, ana neman ramawa, sai baƙin suka sami bugun kwana. Ƙwallo ta taso, Auta ya yi tsalle ya fi kowa, ya sa mata kai da ƙarfinsa duka. Ta wuce golansu ta shige ragarsu. Ɗana, da na ɗauki cikinsa wata tara, ya ci gidansu a gaban idona. Aka tashi biyu da nema.

To ku saurara, don nan ne aka fi yi mini dariya, kuma har yanzu ban ga abin dariya ba. Ni na san abin da ke biyo bayan irin wannan. Na taɓa raka Auta wani wasa a nan gida yana saurayi, aka ci masu masauki, na ga ruwan duwatsu, na ga ɗan wasa ya haura katanga da takalmi ɗaya. Don haka da na ga an busa tashi amma masu ganga ba su tafi ba, sun ajiye waƙa, sun gangaro bakin shinge sun yi cirko-cirko fuska a ɗaure, sannan na ga an jero 'yan wasan ana tunkaro su da su, Auta a tsakiya kai a ƙasa, sai na ce shi ke nan, miƙa musu shi za a yi.

Na ɗaure gyale a ƙugu. Na ɗauki lemar Goggo. Ban san yadda na sauka matakalar ba da kumburarrun ƙafafuna. Wani mai gadi ya tare ni ya gicciye hannuwa yana sunkuyawa, na ratsa ta gefensa na shige ta ƙaramar ƙofar shingen. Na tsaya gaban Auta na juya na fuskanci jama'a na ɗaga lema.

"Duk wanda ya fasa masa kai sai na fasa nasa! Kuskure ne, uban wa bai taɓa yi ba? Ku zo, ku fara da ni!"

Na faɗa da Hausa, na maimaita da Turancin brokin yadda muke yi a kasuwa. Fili ya yi tsit. Ƙaton nan mai rigar kifi ya tsaya da jela a hannu.

"Mama," in ji Auta a bayana, "don girman Allah ki sauke lemar. Haƙuri muka zo bayarwa."

"Kafin ka bayar sun kwantar da kai. Tsaya bayana."

"Ba a duka a nan, Mama. Haka ake yi duk wasa. In mun ci mu zo mu gode, in an ci mu mu zo mu ba da haƙuri."

Sai ga Goggo ta iso tana haki, ta kama gefen zanena ta ja ni gefe. Ina tsaye ina kallo 'yan wasan nan suka jeru suka ranƙwafa gaba ɗaya, suka daɗe a haka. Kyaftin mai gas ya karɓi lasifika ya yi magana, hawaye na zuba. Shugaban masu ganga ya mayar masa da faɗa, da kakkausar murya, har jijiyar wuyansa ta tashi, amma hannunsa na bayansa. Daga nan ya buga ganga, suka shiga kiran sunan ɗana, "Nashiru! Nashiru!" don bakinsu ba ya iya faɗinsa daidai. Wanda ya ci su da kansa! Suka gama, kowa ya zaro leda daga aljihu ya shiga tsince sharar fili. An ci ka biyu a gidanka, ka tsaya shara. Wasu har suka zo suna sunkuya mini, wata ta ba ni alewa. Ni da na zo faɗa.

Washegari da safe, kafin ya tafi wurin kifinsa, na zaunar da shi a ɗakin Goggo. Na faɗa masa maganar Baffansa Sule, da Chinedu, da bangon da za a fasa. Na ce ga abin ubanka can, ga ka nan kana ɗaukar kifi da safe, da yamma kana ruku'u ga masu ganga. Na shirya masa amsar duk gardamar da zai kawo, tun a jirgi nake jera su.

Bai kawo ko ɗaya ba. Ido ya yi ja, da alama bai yi barci ba. Ya ce, "Gaisuwarsu ce, Mama, kamar durƙusonmu, ba ruku'u ba. Amma kin yi gaskiya. In kin ce in taho, in bi ki jibi. Bayan abin jiya ma ban san da wane ido zan kalli mutanen rumbu ba. Gara in tafi."

Na gyara zama na kafe shi da ido.

"Gara ka me?"

"In tafi, Mama."

"Ka zura musu ƙwallo a raga da wannan ƙaton kan naka, suna bakin rami ka ƙara tura su, sannan ka tattara ka bi uwarka? Ɗan wa? A gidan wa ka ga ana haka? Tsohuwar nan mijinta ya ja layin filin da hannunsa, jiya ta kira sunanka har muryarta ta dushe!"

"Mama, ai ke kika ce..."

"Na san abin da na ce! Da kun ci wasan jiya da na sa ka a gaba har Keffi. Amma ba za a ce ɗan Talatu ya ɓata abu ya gudu ba. Ka zauna. In za su faɗa, ka faɗa tare da su, ka tsaya a layin nan ka ba da haƙurinka har ranar ƙarshe. Kuma in ƙwallo ta taso, ka duba inda ragarku take kafin ka sa kai."

Ya ce, "To shagon fa?"

Shagon nan ni na san yadda ubansa ya kafa shi, daga tebur ɗaya da 'yan fulogi. Na ce, "Tashi ka tafi, kifi na jiranka."

Haka na dawo ni kaɗai, da koren tawul da Goggo ta hana ni mayarwa. Ƙungiyar kuwa har yanzu ba ta gyaru ba. Makon jiya sun yi canjaras, Auta ya kira ni da sassafe yana murna kamar an yi masa haihuwa. Na ce Allah ya kyauta.

Kwana biyu da saukata Malam Sule ya zo yi mini barka da hanya. Ya sha ruwa, ya leƙa bayana kamar na ɓoye mutum a ɗaki.

"Ina yaron?"

"Yana can."

"Yana can yana me, Talatu?"

"Yana shan kaye."

Ya ajiye kofin. "To ai na faɗa miki, in bai zo ba..."

"Na ji ka tun farko, Sule. Ka ce wa Chinedu ya fasa bangon. Amma ya bari sai ranar da ba na gari."